Don Allah a daina cinna wa kututture wuta

Sharar gona ta kankama, hayaƙi kuma ya fara turnuƙe ƙauyukanmu. Duk inda aikina na malamin gona ya kai ni a 'yan makonnin nan abu guda nake tararwa. An bi sabara da kalgo an sare su ƙasa-ƙasa, an tattaro tushiyar kara da ƙaya da busasshen ganye an jibga a kan kututturen, an ƙyasta ashana an tafi gida. Washegari sai baƙin gungume da toka, mai gona kuwa yana murna gonarsa ta yi fes. Wani har kirana yake yi in zo in ga aiki. Na gani, Malam, kuma raina ne ya ɓaci.

Masu ƙona kututture yanzu su ne za su tare ni da ƙorafi idan ruwa ya sauka. Iska ta kwaso yashi ta binne shuka, sai an sake iri. Ƙasa ta mutu, gero ba ya tashi sai da takin zamani, buhun taki kuwa ya fi ƙarfin talaka. Uwargida ta ce itacen girki sai an yi doguwar tafiya ko a saya da ɗan karen tsada. Masu ɗaura amya sun ce ƙudan zuma ya daina shiga. Masu daddawa sai sun sayo kalwa daga nesa, don ɗorawar garin ta tsufa kuma babu ƙanana masu tasowa. Mai maganin gargajiya yana neman sassaƙen marke ko na ƙirya, sai ya hau mota. Ina sauraron kowa, ina kuma tausaya wa kowa. Amma ku yi haƙuri da ni, yau faɗa zan yi, domin rabin wannan kuka da hannunmu muka jawo shi, kuma da ashana.

Kututturen nan da rai. Saiwarsa ta shekara da shekaru tana nutsawa har ta kai inda danshi yake, shi ya sa yake fitar da toho kore shar a tsakiyar rani ba tare da kowa ya ba shi ruwa ba. Idan ka sare tohon zai sake fitowa. Idan ka ƙona shi bana ka ƙona baɗi, ya tafi ke nan. Iyakar bayanin da nake so ku riƙe ke nan.

Wasunku sun ji ana zancen yarjejeniyar duniya ta kare ire-iren halittu a rediyo, suka ɗauka magana ce ta manya da ba ta shafi mai fartanya ba. Bari in gaya muku yadda abin yake. A 1992 ƙasashen duniya suka taru a Rio de Janeiro ta ƙasar Burazil suka ƙulla yarjejeniyar kare dabbobi da tsirrai da wuraren zamansu. Najeriya ta amince da ita a 1994, Nijar a 1995. A 2010 aka sake zama a Nagoya ta Japan, aka tsara muradu 20 da za a cika kafin 2020. Da wa'adin ya cika aka zauna aka yi lissafi, ko ɗaya daga cikin 20 ɗin ba a cika shi gaba ɗaya ba. Ana cikin haka, a 2019, masana daga ƙasashe da dama suka fitar da rahoto cewa nau'in dabbobi da tsirrai kusan miliyan 1 na fuskantar ƙarewa daga doron ƙasa.

Sai a watan Disamba na 2022, a birnin Montreal na Kanada, ƙarƙashin shugabancin ƙasar Sin, aka amince da sabon tsari mai manyan manufofi 4 da ake son cimmawa kafin 2050 da muradu 23 da ake son cikawa kafin 2030. Biyu daga ciki su ne suka fi yawo a bakin mutane: a kare kashi 30 cikin 100 na ƙasa da ruwa, a kuma kama aikin farfaɗo da kashi 30 cikin 100 na ƙasar da ta lalace. Akwai na uku da ba a cika ambatarsa ba, shi ne a riƙa noma da kiwo da kamun kifi ta hanyar da ba za ta kashe sauran halittu ba. An yi maganar tara dala biliyan 200 a kowace shekara. Kowace ƙasa kuma aka ce ta koma gida ta rubuta nata tsarin. Da aka haɗu a Cali ta Kolombiya a 2024, ƙasashe 44 kacal ne suka kawo cikakken sabon tsarinsu.

Mu ma nan gida ba a rasa takardu ba. Najeriya ta yi tsarinta na ƙasa na 2016 zuwa 2020. Ta yi alkawarin farfaɗo da hekta miliyan 4 na ƙasar da ta lalace kafin 2030, Nijar ta yi alkawarin hekta miliyan 3.2. Akwai shirin Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, wanda ya ratsa jihohi 11 na arewa. Akwai shirin ACReSAL na dala miliyan 700 daga Bankin Duniya, mai niyyar gyara hekta miliyan 1 a jihohin arewa 19 da Abuja. A ƙarshen 2020 gwamnatin tarayya ta amince a mayar da wasu dazuzzuka 10 gandun daji na ƙasa, ciki har da Falgore a Kano da Baturiya a Jigawa da Kogo a Katsina. Duk wannan alheri ne, kuma ina fatan Allah ya sa a cika.

To amma ina wannan ƙasa da ta lalace take? Ba duka ke cikin Yankari ko Kamuku ba. Mafi yawanta gonakinmu ne da makiyayarmu da burtali. Babu ministan da zai zo ya tsaya a kan gonarka ranar shara. Abin da aka rubuta a Montreal da abin da aka rubuta a Abuja da Yamai, duk a hannun wanda ke riƙe da ashana a watan Afrilu zai tabbata ko ya rushe. Shi ya sa nake ganin duk tsarin da bai sauko ya yi magana da mai sharar gona ba, zai bi sahun muradun 2010.

Za ku ce ai ana dashen itatuwa kowace damina. Ana yi. Ana kawo dubban 'yan itatuwa a leda, galibi darbejiya da turare, a yi taro, a dasa, a ɗauki hoto. Ku da kanku kun san nawa ke kaiwa bazara. Awaki su ci, rani ya ƙone, babu mai ban ruwa. Ba na hana dashe, yana da wurinsa, musamman a makarantu da bakin hanya da inda babu sauran saiwa a ƙasa. Amma darbejiya daga Indiya aka kawo ta, ba ta ba ka kalwa, ba ta ba ka kaɗe, ba ta ba ka miyar kuka. Kai kuma ga gawo da aduwa da magarya da kanya da ɗinya suna neman tashi a gonarka kyauta, da saiwarsu da ta riga ta kafu, kana banka musu wuta, sannan ka je ka bi layin karɓar ɗan itace a leda. Wannan daidai yake da mutum ya yanka saniyar tatsa ya tafi neman bashin maraƙi.

Gani ya kori ji, kuma abin da zan faɗa ba a wata duniya ya faru ba, a Maraɗi ne, wurin 'yan'uwanmu. Bayan farin shekarun 1970, gonakin yankin sun zama fili fetal. Manomi na gari a lokacin shi ne wanda ya share gonarsa ƙaf. An kashe kuɗi mai yawa wajen dashe, yawanci ya mutu. A 1983 wani malamin gona ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, da ke aiki a Maraɗi, ya lura cewa 'yan kurmin da ake sarewa kowace shekara itatuwa ne da ke ƙoƙarin dawowa daga tsohon kututture. Sai ya fara roƙon manoma su zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi su bari, su rage sauran. Da farko dariya aka yi wa waɗanda suka yarda. Lokacin yunwar 1984 mutane da yawa sun bar itatuwan saboda ana ba da abinci a kan haka, da rabon abinci ya ƙare da yawa suka sare. Amma waɗanda suka riƙe nasu sai maƙwabta suka ga iska ba ta binne musu shuka, suna da itacen girki, suna da ganyen dabbobi a bazara, har suna sayar da itace a kasuwa. Daga nan abin ya riƙa tafiya daga manomi zuwa manomi. Suka kira shi sassabin zamani.

Bayan shekara 20 da wani abu, da masu bincike suka gwada hotunan sama na da da na yanzu, suka ƙiyasta cewa hekta miliyan 5 sun sake yin itatuwa a kudancin Nijar, itatuwa wajen miliyan 200, kuma hatsin da ake samu ya ƙaru da kusan tan 500,000 a shekara. Ku dubi wannan adadi da kyau. Ya fi hekta miliyan 4 ɗin da Najeriya ta yi alkawari, kuma talakawa ne suka yi shi da adda da gatari. Duk wanda ya bi ta Magarya da Matamaye da Mirriya a Damagaram ya ga gawo cike da gonaki. A Ɗan Saga, cikin yankin Agye, mutanen gari sun kafa kwamitin sa ido a kan itatuwan don kada wani ya sare na wani. Gwamnatin Nijar ta biyo baya, ta gyara dokar daji a 2004, a 2020 kuma ta fitar da doka ta musamman da ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan itacen da ya raina a gonarsa. Ruwan da Maraɗi ke samu bai fi na Daura ko Gumel ko Illela ba. Mene ne uzurinmu?

Na san uzurin, don kullum ina jin su.

Na farko wai toka taki ce. Toka tana da ɗan amfani, ban musa ba. Amma mafi yawan abincin da ke cikin ganye da kara ya bi hayaƙi, tokar kuma guguwar bazara za ta kwashe ta kafin ruwan farko. Da ka bar ganyen a ƙasa da gara ta ja shi ciki ta buɗa maka ƙasa ruwa ya shiga. Ko da kana son tokar, wa ya ce sai a kan kututture za ka tara wutar? Ga fili nan. Me ya yi maka?

Na biyu wai inuwa tana hana hatsi. Baba, kai ka girme ni, ka fi ni sanin cewa gawo da damina yake zubar da ganye, kuma geron da ke gindinsa ya fi na ko'ina kyau a gonar. Iyayenmu ba su taɓa sare gawo ba. Sauran itatuwan kuwa ai shi ya sa ake rage musu rassa, kuma rassan da ka rage su ne itacen girkin gidanka.

Na uku wai itace yana tara tsuntsaye. Jan baki idan ya taso daga fadama ba ya tambayar ko gonarka da itace ko babu. Tsuntsayen da ke zama a gona kuwa da yawansu tsutsa da fara suke ci, mujiya kuma ɓera take kamawa da dare. Kun kore su, yanzu kuna sayen maganin feshi.

Maganar maciji gaskiya ce, ba na wasa da ita. Kurmin da ya cunkushe shi ne maɓoyarsa. Idan ka gyara kututturen ka ɗaga rassan sama ka share gindin, ka rage masa wurin ɓuya. Masu garmar shanu su ma suna da hujja, amma sai a bar itatuwan a jere ko a kan iyaka, ba a ce a bar kowane ɗaya ba.

Uzurin da na fi yarda da shi shi ne na wanda ya ce mini, in na raini itace ba nawa ba ne. Ko dai wani ya zo da dare ya sare, ko makiyayi ya sassabe wa dabbobinsa, ko kuma ranar da na ɗauki gatari in rage reshe a zo a ci ni tara. Wannan kuka ne na gaskiya kuma ina tare da ku a kansa. Mutum ba ya wahala a kan abin da ba zai ci moriyarsa ba. Idan masu rubuta tsarin ƙasa suna son hekta miliyan 4 ɗin nan da gaske, to su fara da wannan: a rubuta a fili cewa itacen da manomi ya raina a gonarsa nasa ne, a kuma sanar da kowane ma'aikacin daji. Kafin nan, iyayenmu masu unguwanni da dagatai da hakimai, ranku ya daɗe, wannan a hannunku yake. Ku tara manoma da ardo da mata masu itace ku yi ƙa'ida ta gari. Masu ba da aron gona kuma ku daina cewa sai an mayar muku da ita fes. Amma duk da haka, rashin doka bai zama dalilin ƙona kututture ba. Ka bar shi da rai tukuna, rigimar mallaka a yi ta a kan itace mai rai.

Akwai kuma gori, wanda ba a faɗa mini sai dai in gani a fuska. Kada a ce gonar wane ta rago ce. Haba jama'a! Saboda bakin mutane za ka ƙone abin da 'ya'yanka za su ci?

Ba itace kaɗai wutar ke ci ba. A gindin kurmin nan bushiya take kwana, a nan damo yake, a nan fakara da zabon daji suke ƙwai. Ƙudan zuman da ke bin furen kaɗanya da kalgo da magarya yana buƙatar itatuwa iri-iri masu fure a lokuta daban-daban, in babu sai ya yi ƙaura, kaɗanya kuma ta rage 'ya'ya. Kuka da ɗorawa jemage ne ke bin furensu da dare. Kaɗanya tana shekara 15 ko fiye kafin ta fara haihuwa, kai kuma ka kashe ƙaramarta cikin minti biyar. Ku tambayi yaranku rabonsu da ganin bushiya. Ku tuna rabonku da ganin ungulu a mahauta, tsuntsun da tun 2015 aka sa shi cikin waɗanda ke gab da ƙarewa. Ƙarewar halittun da ake zancenta a manyan taruka haka take zuwa, ɗaya bayan ɗaya, a bayan gidanmu.

Wutar kuma ba ta tsayawa inda ka ajiye ta. Kowace shekara sai mun ji ta tsallaka ta cinye tarin karan wani, ko harawa, ko rumbu. Samarin da ke banka wa daji wuta don gafiya ɗaya, ku ma da ku nake. Tun 2011 akwai ƙa'idar gwamnatin tarayya da ta hana ƙona daji barkatai. Kafin ita akwai wadda ta fi ta. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da ya ga an ƙona gidan tururuwa ya hana, ya ce bai kamata wani ya yi azaba da wuta ba sai Ubangijin wuta. Ya kuma gaya mana cewa duk Musulmin da ya dasa itace, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga gare shi, sadaka ce a gare shi. Ina roƙon malamanmu su taɓo wannan a huɗuba yanzu da ake shara, kada a bari sai damina.

Iyayenmu mata, ku ne kuka fi kowa shan wahalar rashin itace, ku ne masu kaɗe da kalwa da kuka. Ku yi wa masu gida magana. Na ga inda maganar uwargida ta yi abin da tawa ta kasa.

Ga abin yi, ba shi da wuya:

- Kafin ka fara shara, zaga gonar ka duba kututturen da ke da toho.
- Zaɓi waɗanda za ka bari. Fara da 20 zuwa 40 a hekta, iri daban-daban, kada ka bar iri ɗaya kawai.
- A kowane kututture bar rassa 2 zuwa 5 masu ƙarfi da miƙewa, cire sauran.
- Adda mai kaifi, sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage.
- Ɗaura tsumma a jiki don 'yan ƙwadago da yara su san an bar shi da gangan.
- Kewaye ƙananan da ƙaya saboda awaki.
- Ganye da ƙananan rassa a bar su a ƙasa.
- In dole sai ka ƙona wani abu, kamar karan da tsutsa ta cinye, tara shi nesa da kowane itace, da yamma in iska ta kwanta, ka tsaya har ta mutu.
- Wuta a kan kututture, a'a. Ko sau ɗaya.

Wanda ya riga ya ƙona nasa bana kada ya tone saiwar. Wani yakan sake tohowa bayan ruwan farko, musamman sabara da kalgo, sai a lallaɓa shi. Wanda kuma yake son a nuna masa yadda ake zaɓen reshe da yadda ake saran, ya nemi malamin gonar yankinsa, ko ku haɗu ku biyar ko goma ku kira mu gona ɗaya mu yi tare. Ba a biyan ko sisi, adda kawai za ku zo da ita, a wasa ta tun daga gida.